Littattafan labari da ya kamata a nema, da mutanen da suka rubuta su



Labari bai taɓa yanke mana ba. Da can tatsuniya ce a dandali bayan isha'i, yau kuwa littafi ne ake karantawa da murya, a zuba shi a memori ko a turo ta WhatsApp. Mace na daka tana saurare, tela na ɗinki yana saurare. Sai dai akwai abu guda da ke faɗuwa a hanya, wato sunan wanda ya rubuta. Sau da yawa labari kan iso an yanke shafin farko, ko kuma mai karantawa ya ambaci sunan tasharsa sau goma bai ambaci na marubuciya ko sau ɗaya ba. Sai ka tarar mutum ya haddace labari tun daga farko har ƙarshe, amma bai san ko mace ce ta rubuta ko namiji, ko a Kano take ko a Maraɗi. Wannan asara ce ta ɓangare biyu. Mai karatu ba zai iya neman littafi na biyu na wanda ya burge shi ba, uba kuma ba zai san wanda zai miƙa wa ƴarsa da wanda zai ɗaga mata sai ta girma ba. Shi kuwa marubucin, ko dala ba ta shiga aljihunsa.

Shi ya sa muka tattara wannan bayani domin a ajiye, a riƙa dubawa. Sunayen littattafai da na marubuta mun bar su yadda suke a bangon littafi, don wanda zai tambaya a shago ko ya nema a intanet kada ya sha wahala.

Mu fara daga gida

A shekarar 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata zalla. Labarin bai da tsawo, kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ne, kuma waɗanda suka yi fice ana karanta su a rediyo. Shekarun farko duka ƴan Najeriya ne suka riƙa ɗaukar kambun. A 2021 sai Nana Aicha Hamissou Abdoulaye, ƴar Nijar, ta zo ta biyu da labarinta "Butulci". Shekara guda bayan haka, a 2022, Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya da "Garar Biki".

Sunan labarin kaɗai ya isa ya sa duk uwar da ta taɓa aurar da ɗiya ta gyara zama. Gara dai kowa ya san ta a nan: buhunan abinci, mai, kayan miya da sauran abin da iyayen amarya ke kai wa gidan ango, da irin maganganun da ke biyo baya in an ga kayan ba su cika ido ba. Akwai wanda ya sayar da akuya saboda gara, akwai wanda ya jinginar da gona. Amira ta ɗauki wannan nauyi da ake ɗora wa iyayen amarya ta yi labari da shi. Abin da ya sa muka sa ta a gaba shi ne, ba ta je neman labari a Dubai ko gidan wani hamshaƙin attajiri ba. Abin da ke faruwa a tsakar gida ta rubuta, kuma da shi ta tsere wa kowa a gasar da marubuta mata daga ko'ina a ƙasar Hausa ke shiga. Ƴan matanmu da ke kwaleji a Mayahi ko Tasawa, masu rubuta labari a bayan kayensu suna ɓoyewa, su san da wannan.

Sauran waɗanda suka ci gasar su ma sun cancanci a nema: Maimuna Idris Sani Beli da "Bai Kai Zuci Ba" a 2017, Safiyya Jibril Abubakar da "Ƴa Mace" a 2018, Maryam Umar da "Rai da Cuta" a 2020, Aishatu Musa Dalil da "Haƙƙina" a 2021. Kowanne ana iya gama shi kafin shayi ya nuna, don haka su ne suka fi dacewa da wanda bai saba dogon karatu ba.

Dogayen labaran da ke yawo a waya kuwa, yawancinsu na marubutan intanet ne, kuma mata ne suka fi yawa. Sunaye irin su Batul Mamman, Hafsat Rano, Billyn Abdul, Safiyya Huguma da Sumayya Abdulƙadir Takori ba baƙi ba ne ga masu bin wannan fage. Suna sakin labari kashi kashi, a Wattpad, a ArewaBooks ko a zauren WhatsApp da ake biyan kuɗi kafin a shiga. A nan ba za mu ce ga wanda ya fi ba, don fagen yana da faɗi, akwai tsaba akwai tsakuwa. Wani labarin an zauna an tsara shi, wani kuwa an ja shi ne kawai don kada masu biya su watse, sai ka ga an kai kashi na tamanin ango bai ko kai kuɗin gaisuwa ba. Akwai kuma masu batsa ƙarara, waɗanda ba su dace da wayar yara ba. Hanyar gane bambancin ita ce dai wadda muka fara da ita: a riƙe sunan marubuciya. Wadda ta yi maka rubutu mai kyau sau ɗaya, da wuya ta ba ka kunya a na biyu.

Balaraba Ramat Yakubu, da waɗanda suka share fage a Kano

Waɗannan matasa ba daga sama suka faɗo ba. Ƙagaggen labari na Hausa a rubutun boko ya samo asali ne daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai a 1980 aka buga na mace ta farko, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo, ƴar Fulani da ta kafe sai wanda take so ko da ba ɗan ƙabilarta ba ne. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Ƙananan littattafai ne masu araha, ana raba labari guda kashi biyu ko uku. Su ne ake kira littattafan soyayya, wasu malaman jami'a kuma suka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, da nufin rainawa. Su ne kuma suka riƙa tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa har suka cika tebura a kasuwar Maraɗi.

In mutum littafi ɗaya kawai zai karanta daga wannan zamani, mu dai shawararmu ya nemi na Balaraba Ramat Yakubu. An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban Najeriya da aka kashe a 1976. Duk da wannan gida da ta fito, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da shekara 13. Auren bai ɗore ba. Karatun da ta yi daga baya a ajin manya ta yi shi, irin na yaƙi da jahilci. Wanda ya san wannan tarihi, in ya buɗe Wa Zai Auri Jahila? na 1990, zai gane ba jita-jita take rubutawa ba. Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya je birni ya yi karatu, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Uban, don huce haushi da gudun magana, ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Abu ta gudu wurin gwaggonta a Kano, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin da ya biyo baya, da yadda waɗanda suka wulaƙanta ta suka dawo suna neman ta, mun bar wa mai karatu.

Ba sai mun faɗa ba, jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fi yi wa yara mata aure da wuri a ƙasar nan. An yi taruka, an yi jawabai, ƙungiyoyi sun zo sun tafi. Wannan littafi bai yi wa kowa wa'azi da harshen ƴan ƙungiya ba. Da ayar Alƙur'ani da hujjar addini mutanen cikinsa ke jayayya da juna, kamar yadda ake yi a zaurukanmu, kuma uban Abu ba a mai da shi dodo ba, mutum ne da tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa muke ganin littafi ne na iyaye maza kafin ya zama na ƴan mata.

Ɗayan littafinta, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990 ne. Rabi na da ƴaƴa tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da kuɗi ke shigo masa amma cefanen gida sai an yi faɗa. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, ya kori Rabi da ƴaƴanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaran, babbar ɗiyarta Saudatu ta yi dacen miji, shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa shago. Ƙarshen labarin ya daɗe yana raba kan masu karatu, don an matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta. Wasu na cewa marubuciyar ta ba da kai, wasu na cewa gaskiyar abin da ke faruwa ta nuna, kuma Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, yanzu ita ke riƙe da gidan. Mu mun fi karkata ga na biyun. An mai da littafin fim a Kano, sannan a 2012 wani kamfani mai suna Blaft a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin dariya, mu da muka daɗe muna kallon finafinan Indiya, ga Indiyawa na karanta rikicin kishiyoyin Kano.

Na biyu da ya kamata a sani shi ne Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka haifa a 1964. Shi ma allo ya fara, boko kuwa sai da ya girma ya shiga ajin dare. Littafinsa In Da So Da Ƙauna, na farkon shekarun 1990, yana cikin waɗanda aka fi saye a tarihin rubutun Hausa: Sumayya ƴar masu kuɗi ta ce sai Muhammad talaka, aka ce sai wani mai hali, har ta kai ta faɗa rijiya. Yana cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, wadda Balaraba ma ta kasance a ciki. Sai Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni. Matan cikin littattafanta masu ilimi ne, masu iya zama da miji da kishiya, kuma ta fi Balaraba sassauci. Da yawa daga matan da suka iya karatun Hausa a garuruwanmu, da littattafanta suka goge.

Mai son abu mai nauyi ya nemi Ƴartsana na Ibrahim Sheme, ɗan jarida daga jihar Katsina wanda ya kafa mujallar Fim. Ya fito a 2003, yana bin rayuwar macen da auren dole ya tura karuwanci, ba tare da ya ƙawata komai ba. Ba na yara ba ne. Haka ma Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, dogon littafi a kan matsayin mace, da bauta, da abin da ke faruwa a bayan katangar gidan sarauta.

Kada a ɗauka waɗannan marubuta sun sha da daɗi. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jihar Kano ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar ƴan mata, da hujjar suna ɓata tarbiyya, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta ce sai marubuta sun yi rajista. Wasu sun bar rubutun littafi sun koma rubuta fim. Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, alal misali, suna cikin waɗanda suka rubuta shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Kenan wanda ke kallon shirin ya riga ya ɗanɗani alƙalaminsu bai sani ba.

Ga masu karanta Faransanci

Ɗalibanmu na lise, da mushe-mushe, da ƴan uwa da ke zaune a Yamai ko ƙasashen waje, akwai sabbin littattafai uku da ke magana a kan rayuwa irin tamu, kuma dukkansu ana samun su da Faransanci.

Na farko Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, Bafulatana daga Marwa a arewacin Kamaru, an haife ta a 1975. Ita ma an yi mata auren dole tana da shekara 17. Littafin ya fara fitowa a 2017 da sunan Munyal, les larmes de la patience, sannan aka sake buga shi a Faransa a 2020, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a wannan shekarar. Munyal da Fulatanci shi ne haƙuri. Mata uku ne ke ba da labarinsu da bakinsu: Ramla da aka raba da saurayinta aka ba wani alhaji, ƴar uwarta Hindu da aka haɗa da ɗan uwa mashayi mai duka, da Safira, uwargidan da aka yi wa Ramla kishiya. Duk wadda ta kai kuka, amsa guda ake ba ta, ta yi haƙuri. Duk wanda ya taɓa raka amarya a ƙasar Hausa ya ji wannan kalma sau nawa ake maimaita ta a daren. Faransancin littafin mai sauƙi ne, ɗalibin aji na uku a kwaleji zai iya bi. Wanda ya karanta shi tare da Wa Zai Auri Jahila? zai ga abu guda daga ƙasa biyu, shekara talatin tsakani.

Na biyu Né un mardi na Elnathan John, ɗan Kaduna, wanda ya karanta shari'a kafin ya koma rubutu. Da Ingilishi ya fito a 2015 da sunan Born on a Tuesday, fassarar Faransanci kuma a 2018. Sunan yaron cikin labarin Ɗantala, wato haihuwar Talata. Almajiri ne da ya gama karatu bai koma gida ba, ya faɗa cikin yaran da ke kwana a gindin kuka, waɗanda ƴan siyasa ke ba kuɗi da ƙwaya lokacin zaɓe. Bayan wata tarzoma ya tsere zuwa Sakkwato, wani malami mai sauƙin kai ya riƙe shi a masallaci, sai kuma rikicin aƙida ya tashi tsakanin malamin da mataimakinsa mai zafin ra'ayi. Marubucin bai yi almajirci ba, kuma akwai masu ganin wasu wurare ya kalli abin ne daga waje. Duk da haka, ƙauyukanmu na tura yara karatun allo Najeriya kowace shekara bayan girbi, kuma ba kowane uba ne ya san inda ɗansa ke kwana ba. Ko don wannan, littafin ya cancanci wani ya karanta ya ba dattawa labarinsa da Hausa.

Na uku La Saison des fleurs de flamme na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jarida haifaffen Jos a 1979. Sunansa na asali Season of Crimson Blossoms, ya fito a 2015, a 2016 kuma ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya, mai dalar Amurka 100,000. Hajiya Binta bazawara ce mai shekara 55, an kashe mijinta a rikicin Jos. Wani matashi ɗan daba mai sayar da wiwi, Reza, ya haura gidanta sata, daga nan wata alaƙa ta ɓoye ta shiga tsakaninsu. Mun faɗa tun yanzu, littafin manya ne, kuma akwai wanda zai ajiye shi tun a babin farko. Amma a ƙarƙashin abin kunyar akwai wata kunyar da duk muka sani: Binta ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba, ba ta taɓa nuna masa so a fili ba saboda al'ada, har ya mutu. Wannan ciwo ne ke tafiyar da labarin gaba ɗaya. Ba mu san wani littafi da ya taɓo kunyar ɗan fari da zurfi haka ba.

Sarraounia, da kaburburan Maijirgi

Wannan ba sabo ba ne, amma ba yadda za a yi mutumin ƙasar Tasawa ya yi maganar littafi ya tsallake shi. Marigayi Abdoulaye Mamani, an haife shi a Gudumariya a 1932, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba ne. Ya yi shekaru yana gudun hijira, har a Aljeriya, da ya dawo gida kuma gwamnatin soja ta Seyni Kountché ta ɗaure shi. Ya buga Sarraounia a 1980. Ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Littafin na ba da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Wannan runduna ita ce ta bi ta Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ake ba da labarinsa, ta nufo gabas tana ƙona garuruwa, har ta iso ƙasarmu ta yi ɓarna a Koran Kalgo. Da labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli 1899. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu na nan a Maijirgi, kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram. Mutane da yawa na wucewa ta wurin a mota ba su san abin da ke kwance a gefen hanya ba.

Abu guda dai a riƙe: ƙagaggen labari ne, ba littafin tarihi ba. Mamani ya ɗauki abin da baka ta adana da ɗan abin da Turawa suka rubuta, ya ƙara nasa, ya gina jaruma. Yarintar Sarauniya da maganganun da ya sa a bakinta, aikin alƙalaminsa ne. Wannan bai rage masa daraja ba, don kafin littafin ba kowa ne ya san sunanta a wajen yankinta ba, yau kuwa har makarantu da gidajen rediyo ake sa wa sunan. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. In akwai tsoho a gidanku da ya ji labarin zuwan waɗannan Turawa daga bakin kakanninsa, a karanta masa littafin a ji inda suka haɗu da inda suka rabu, kuma a ɗauki muryarsa a waya tun yana da rai.

Wasu biyu na gida a taƙaice. Abboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo, 1978, a kan samarin da ke barin ƙauye su tafi biɗa bakin teku, da abin da suke tararwa a can. Ƴan uwa da ke karanta mu daga Abijan ko Legas, kun fi mu sanin yadda ake furta kalmar "aboki" a can da abin da ake nufi da ita. Sai Quinze ans, ça suffit ! na Amadou Ousmane, 1977, a kan yadda manya suka karkatar da abincin agaji lokacin yunwar shekarun 1970. Dattawan da suka ga wannan yunwa ba sa bukatar a fassara musu take.

Hausar littafi, da yadda za a same shi

A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin ƙasa suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Magana ce babba, amma harshe a takardar gwamnati daban, littafi a hannun yaro daban. Har yanzu yawancin labaran Hausa da ake bugawa daga Najeriya suke zuwa, kuma wanda ya fara karanta su zai ɗan yi tuntuɓe. Inda muke rubuta ƴ, su 'y suke sawa, wasu ma ba sa sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, sai ka lura da ma'ana kafin ka san ko ƙasa ake nufi ko kasa. Inda muke cewa lakwal su makaranta suke cewa, likitarmu ita ce asibitinsu, kuɗinsu naira ne ba jika ba, kuma marubutan intanet na cusa Ingilishi tsakiyar zance yadda mu ma muke cusa Faransanci. Bayan shafi goma kunne kan saba. Wanda ya yi ajin karatun manya ya iya haɗa baƙi, ya isa ya karanta Balaraba ko Gidan Dabino, tunda su ma ta wannan ƙofa suka shigo.

Littattafan Hausa na takarda sun ragu a kasuwa tun da waya ta yi yawa, amma ba su ƙare ba. Wanda ke Kano ya tambayi masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari, ya faɗi sunan littafi da na marubuci, ya kuma duba ko labarin kashi nawa ne, don kada ya zo gida da na ɗaya da na uku babu na biyu. Na Faransanci sai shagunan littattafai na Yamai, ko wajen ƴan uwa da ke Abijan ko Faransa. Na marubutan intanet kuwa, mafi yawansu kan sa hanyar biya a farkon labari, kuma ɗan uwa da ke Najeriya mai asusun banki zai iya biya da naira a tura wa na gida. In an tura, a bar shafin farko yadda yake, da sunan mai shi.

Masu shirin dawowa gida kafin damina ko lokacin salla, littafi uku ko huɗu ba za su ƙara wa jaka nauyi ba. In aka kawo, a rubuta sunan gida a ciki, a ba wani mushe ko wata malamar ajin manya ta riƙe, ana ara ana maidowa. Ga gidan da ke da ƴan mata a lakwal, a fara da Wa Zai Auri Jahila? da labaran Hikayata. Ga ɗan lise, Sarraounia da Les Impatientes. Ƴartsana da La Saison des fleurs de flamme kuwa a ajiye su a ɗakin manya.